Bashin da ɗaliban zamanin korona ke bin mu

Wata ranar Juma'a ce, mun sauko daga masallaci muna zaune a zaure ana jiran a fito da abinci, sai ɗan yayata ya miƙo mini wayarsa. "Kawu, duba wannan." Sanarwar ɗaukar ma'aikata ce ta wani babban kamfani, suna neman injiniyoyi sababbin gamawa. Na bi sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya, duk ya cika su: fanninsa ne, sakamakonsa ya kai, ya yi bautar ƙasa. Sai can a layin ƙarshe aka ce kada shekarun mai nema su haura 27. Shi kuwa 29 yake. Na mayar masa da wayar ban ce komai ba. Ya sa ta a aljihu, ya ce, "Da an bar mu mun gama a kan kari, da na shiga."

Gaskiya ya faɗa, lissafin kuma a fili yake. A farkon 2018 ya shiga wata jami'ar tarayya a nan Arewa, yana da shekara 22, bayan ya zana JAMB har sau uku. Karatun injiniya shekara biyar ne, wato a 2022 ya kamata kwalinsa ya shigo hannu. Bai gama aji ɗaya ba ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta tafi yajin aiki a Nuwamban 2018, ba ta dawo ba sai Fabrairun 2019. Muka ce to, an saba. A ƙarshen Fabrairun 2020 aka samu mutum na farko mai ɗauke da korona a Legas, cikin Maris gwamnati ta ce a rufe makarantu, ranar 23 ga watan kuma ASUU ta shiga yajin sai-baba-ta-gani a kan tsarin biyan albashi na IPPIS da yarjejeniyar da ta yi da gwamnati a 2009 wadda aka ƙi cikawa. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Yajin nan bai ƙare ba sai ƙarshen Disamba, wata tara cur, aka koma aji a farkon 2021. An ɗan numfasa shekara guda, ranar 14 ga Fabrairun 2022 aka sake garƙame ƙofa har 14 ga Oktoba. Wata 20 ke nan yaro yana zaune a gida, bai faɗi jarrabawa ba, bai yi wa kowa laifi ba. Sai a 2024 ya gama.

Yaran da suka shiga jami'ar gwamnati daga wajen 2016 zuwa 2020 an ƙwace musu shekaru, wannan kowa ya gani. Amma akwai wani abu da aka ƙwace musu wanda ba a cika maganarsa ba, shi ne aikin hannu, wato ɓangaren karatun da ba ya shiga kai sai an taɓa. Kuma yau mu ne muke zaune a ofisoshi da shaguna muna cewa 'yan jami'ar yanzu ba su iya komai ba.

Wanda yake Kano ba zai manta da Afrilun 2020 ba. Gari a kulle, kasuwanni a rufe, kullum sai an ji rasuwar wani dattijo, cikinsu har da manyan malaman jami'a. A cikin wannan hali wasu jami'o'i masu zaman kansu suka mayar da darasi kan Zoom, ɗalibansu suka ci gaba daga ɗakunan iyayensu. Wani abokin ɗan yayata da suka gama sakandare tare, wanda mahaifinsa ya iya biya masa jami'ar kuɗi, ya gama a kan lokaci, har ya yi aure kafin namu ya shiga ajin ƙarshe. Ɗan jami'ar gwamnati kuwa malaminsa na yajin aiki. Ko da ma babu yajin, da wace wutar zai yi cajin waya, da wane kuɗin zai sayi data, a gidan da ake lissafin kwanon masara? Kuma a ce an ba shi wuta da data kyauta, ba a koyon walda ta waya, ba a koyon ɗibar jini ta waya, ba a gane ƙasar noma mai gishiri ta hoto.

Da aka buɗe sai gudu. Wasu jami'o'in suka soke shekarar karatu guda, wasu suka haɗe biyu, zangon da ya saba ɗaukar wata huɗu aka matse shi. Malami yana da abin da dole ya ƙare kafin jarrabawa, ɗalibai sun yi yawa, kayan ɗakin gwaje-gwaje sun yi kusan shekara a rufe, wasu sinadaran sun lalace, janareto babu mai. Idan lokaci ya ƙure, abin da ake fara yarwa shi ne abin da ba ya fitowa a takardar jarrabawa. Ɗan yayata ya ba ni labarin wani gwaji da suka yi su fiye da hamsin a kan na'ura ɗaya: mutum biyu suka taɓa, saura suka leƙa ta saman kafaɗa, da daddare kowa ya kwafi sakamakon ya rubuta rahoto. Duk sun ci. Da kyakkyawan maki ma.

Ni ina kula da lissafi da ma'aikata a wani matsakaicin kamfanin casar shinkafa a wajen Kano, ta hanyar Zariya. Muna sayen shanshera daga manoman Kura da Garun Malam da Bunkure, mu turara, mu shanya, mu cashe. A 'yan shekarun nan na zauna da masu neman aiki da dama, kuma ba zan ɓoye ba, ni ma na sha faɗin kalmar nan a zuciyata, cewa yaran nan ba su iya komai ba. Abin da ya sauya mini tunani wata 'yar bautar ƙasa ce da aka turo mana, wadda ta karanci kimiyyar abinci, ita ma cikin waɗanda korona ta tarar a tsakiyar karatu.

Ranar da ta fara zuwa na kai ta filin shanya, na miƙa mata na'urar auna danshi, na ce ta duba mini wancan tarin. Ta karɓa ta jujjuya ta a hannu, ta rasa ta inda ake zuba ƙwayar. Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Yallaɓai, na san ana so danshin ya sauka wajen kashi 14 kafin a cashe, na rubuta shi a jarrabawa. Amma na'urar ban taɓa riƙe ta ba." A gefenmu akwai wani dattijo da ya fi shekara talatin yana wannan aiki, ko sunansa ba ya iya rubutawa da boko. Ya duƙa ya ɗebi ƙwaya uku, ya murje ɓuntun da tafin hannu, ya jefa ɗaya a baki ya datsa da haƙori. Ya ce, "Da sauranta, sai gobe da hantsi." Muka auna da na'ura, maganarsa ce daidai. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima.

Da a nan labarin ya tsaya, da na shiga sahun masu cewa digiri aikin banza ne. Amma yarinyar nan ba ta yi fushi ba, ba ta kuma yi girman kai ba. Washegari ta zo da littafi, ta ce wa dattijon, "Baba, ina so in riƙa bin ka." Ya ce, "Bismillah 'yata, sai dai rana za ki sha." Ta sha kuwa. Kowane tari sai ta rubuta daga wace gona ya fito, awa nawa aka jiƙa, awa nawa aka turara, ƙarfe nawa aka baza, danshinsa nawa da safe nawa da yamma, sannan bayan casa ta auna yawan wadda ta karye. Bayan wata uku ta shigo ofis da kwamfutarta ta nuna mini abin da mu da muke wurin shekara da shekaru ba mu taɓa tsayawa mun haɗa ba: shinkafar da aka bari ta bushe gaba ɗaya a ƙarƙashin zafin tsakar rana ita ta fi karyewa a inji, wadda kuwa aka tattara aka rufe ta huta na wasu awoyi kafin a sake bazawa tana fitowa doguwa lafiya lau. Ta yi mini bayanin dalili, cewa bayan ƙwayar kan riga cikinta bushewa, sai ta tsage tun kafin ta ga inji. Baba ya ce shi ma ya daɗe da lura cewa shanyar gaggawa ba ta da albarka, amma bai taɓa sanin me ya sa ba, kuma da ya faɗa ba a saurare shi ba saboda ana sauri. Muka sauya yadda muke shanya. Karyayyar ta ragu yadda kowa ya gani, kuma duk mai harkar shinkafa ya san tazarar kuɗin da ke tsakanin buhun doguwa da buhun tsaki.

Haƙorin Baba bai isa ya gano wannan shi kaɗai ba, kwalin yarinyar ma haka. Wata ukun da ta yi a rana su ne ya kamata a ce jami'arta ta ba ta tun tana aji uku. Ba a ba ta ba, sai ta zo ta same su a wurinmu bisa sa'a. Sa'o'inta nawa ne aka tura su bautar ƙasa inda ba abin da suke yi sai zaman jiran alawus?

Shi ya sa muhawarar nan ta sana'a ko digiri, da ta cika Facebook da gidajen rediyo tun bayan korona, take ba ni tsoro. Na fahimci inda ta samo asali. Uba ya sayar da gona ya biya wa ɗansa karatu, yaron ya dawo yana zaman kashe wando, ɗan maƙwabci da ya shiga gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano tun yana ƙarami ya gina gida. Dole uban nan ya yi tambaya. Amma mu lura da wa ake gaya wa cewa digiri ba shi da amfani. Ɗan talaka ake gaya wa. Masu hali ba su daina tura 'ya'yansu Ingila da Malesiya da Masar ba, ba su daina biyan miliyoyi a jami'o'in kuɗi ba. Kuma Arewa ce ake gaya wa haka, yankin da har yau asibitocinsa na karkara ke neman likita da ungozoma, makarantunsa ke neman malamin lissafi. Al'ummar da ba ta gama shiga aji ba ba za a ce mata ta fito ba. Abin da ya dace a tambaya shi ne me ya sa yaro zai yi shekara biyar ko shida a jami'a ya fito hannunsa bai taɓa kayan aikin fanninsa ba.

Ba wai babu tsarin da aka tanada domin wannan ba. Tun farkon shekarun 1970 Asusun Horas da Ma'aikatan Masana'antu, ITF, mai hedikwata a Jos, ya ƙirƙiro SIWES, abin da ɗalibai ke kira IT, domin ɗalibin kimiyya da injiniya da noma ya bar aji na wasu watanni ya je inda ake aikin. Tunani ne mai kyau, kuma ya dace da zamaninsa. Lokacin masaƙun Kakuri a Kaduna suna aiki dare da rana, masana'antun Bompai da Sharada da Challawa a Kano suna hayaƙi, ɗalibi zai shiga masana'anta ya tarar da injiniyan da zai riƙe hannunsa. Yawancin waɗannan sun mutu tun kafin a san wata cuta wai ita korona, korona kuma ta zo ta ƙarasa wasu daga cikin 'yan ragowar. Amma tsarin yana nan yadda yake, yana neman kamfani mai takarda mai tambari da hatimi. To ina yaro zai same shi? Sai ya bi ta hannun wani kawunsa a sa shi a wata ma'aikatar gwamnati inda babu ko kujerar zama, a ce masa ya riƙa leƙowa ranar Litinin. Ƙarshen wata shida ya zauna da littafin rahotonsa ya cike shi da ayyukan da bai yi ba, a buga masa hatimi, malamin da ya kamata ya zo duba shi ko dai bai zo ba don ba a ba shi kuɗin mota ba, ko ya zo sau ɗaya ya sa hannu ya wuce. Kowa ya san haka ake yi, daga ɗalibin har shugaban sashe. Sannan idan yaron ya zo neman aiki ya kasa, shi ake zagi. An bar jaki ana dukan taiki.

Alhali wuraren koyon suna nan, ba su dai da tambari ne. Kasuwar Dawanau tana juya hatsi da riɗi da zoɓo da citta zuwa ƙasashen waje, kuma manyan matsalolinta su ne ajiya da ƙwari da danshi da tantance inganci, wato daidai abin da ɗalibin noma da na kimiyyar abinci ke karantawa. Kantin Kwari cike yake da 'yan kasuwa masu juya miliyoyi a littafi ɗaya da biro, ga ɗaliban akanta suna yawo babu wurin IT. A Panteka ta Kaduna ana ƙera injin niƙa da na casa da na sussuka, a Ƙofar Ruwa ta Kano ana sarrafa ƙarfe, masu haɗa sola sun cika gari tun da fetur ya yi tsada bayan cire tallafi a 2023. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta nuna cewa abin mai yiwuwa ne, da ta sauko ta haɗa hannu da masu sana'ar Panteka. Me zai hana kowace jami'a ta yi rajistar irin waɗannan iyayen gida, ta tantance su, ta amince da sa hannun maƙeri ko babban dillalin hatsi kamar yadda take amincewa da na darakta? Ɗalibin injiniya ya yi wata shida a gaban mai ƙera injin casa, ya koyi yanka da walda, shi kuma ya zana wa maigidan injin a takarda da ma'auni, abin da maigidan bai taɓa samu ba. Kowa ya ƙaru.

Na san abin da zai tsaya a maƙogwaron wasu malamai: wai jami'a ba makarantar koyon sana'a ba ce, aikinta gina tunani ne. Na yarda, kuma tunanin ne ya sa yarinyar nan ta zo da littafi maimakon ta tsaya kallon Baba. Amma tunani yana buƙatar abin da zai tauna. Ba kuma masu kimiyya kaɗai nake nufi ba. Wanda ya karanci Hausa ko Larabci ko tarihi yana da inda ake buƙatarsa, a gidan rediyo, a fassara, a kotu, a ɗab'i, amma sai ya taɓa zama ya fassara takarda ta gaske wadda wani ke jira, an dawo masa da ita da jan biro. Darasin koyon kasuwanci da aka wajabta wa kowane ɗalibi shekaru da dama da suka wuce ya zama abin haddacewa, ana tara ɗaruruwa a babban zaure a karanta musu ma'anar ɗan kasuwa, a yi jarrabawa, a watse.

Ƙofar gyara a buɗe take. Sabon tsarin manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i, NUC, ta ƙaddamar a Disamban 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cike da abin da ya dace da ita. Kamata ya yi jami'ar da ke Sakkwato ta cike nata da fata da albasa da noman rani, ta Maiduguri da kifi da dabbobi da sake gina garuruwan da rikici ya rusa, ta Kano da kasuwanci da sarrafa amfanin gona. Zariya kuwa tana da cibiyar binciken noma a Samaru da ta dabbobi a Shika a ƙofar gidanta. Idan aka cike kashi 30 ɗin nan da ƙarin darussan allo, an yi asarar dama. Haka kuɗin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu: duk jami'ar da ka shiga za ka ga sababbin gine-gine da sunan asusun a jiki, kuma an gode. Amma kuɗin motar malamin da zai je Kura ya ga ɗalibinsa a filin shanya sau uku, da kuɗin sinadarin gwaji, da albashin ƙwararren da ke kula da injinan bita, su ne ke mayar da gini makaranta, ko da yake ba a yanka musu kyalle ranar buɗewa.

Akwai wata tambaya da nake so a riƙa yi wa kowane shugaban jami'a a ranar yaye ɗalibai: waɗanda kuka yaye shekara uku da suka wuce, ina suke? Nawa ne ke aiki a fanninsu, nawa ke tuƙa adaidaita sahu, nawa ke zaune a ƙarƙashin lema da na'urar POS, nawa ke gida? Ba raina waɗannan sana'o'i nake ba, halak ne, kuma suna ciyar da gidaje. Amma sashen da ya yaye mutum ɗari ya kamata ya san inda suka ƙare, domin ya san abin da zai gyara. Alƙaluman ƙasa ba za su ba shi amsa ba. Hukumar Ƙididdiga ta ce a ƙarshen 2020 rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin 100. A 2023 ta koma tsarin da ake amfani da shi a duniya, inda duk wanda ya yi aikin samun kuɗi ko da na awa ɗaya ne a mako ake lissafa shi cikin masu aiki, sai adadin ya faɗo zuwa kashi 4.1. Ban ce ƙarya aka yi ba, ma'auni aka sauya. Sai dai a wannan ma'aunin, mai digirin kimiyyar ƙananan halittu da ke sayar da turaren wuta ta WhatsApp tana da aiki, magana ta ƙare. Ita da mahaifinta sun san ba ta ƙare ba. A yau da kowane tsohon ɗalibi ke da lambar waya kuma kowane aji ke da zaurensa na WhatsApp, bin sawun nan ba ya buƙatar wani babban kasafi.

Tambayar ta ƙara nauyi yanzu da karatun ya zama na bashi. Jami'o'in tarayya da dama sun ƙara kuɗin rajista a 2023, a 2024 kuma aka fara ba ɗalibai lamuni ta asusun NELFUND, wanda za a fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa. Ya taimaki yara da yawa da suka kusa ajiye karatu, na san wasu. Amma wanda zai ci bashi domin ya shiga wani sashe yana da haƙƙin a gaya masa gaskiyar abin da ya samu waɗanda suka riga shi.

Ba zan ɗora wa jami'a komai ba. Ko da kowane ɗalibi ya fito da hannu mai albarka, sai akwai inda zai sa shi. Da farashin mai ya faɗi a Maris na 2020 gwamnatin tarayya ta sanar da dakatar da ɗaukar ma'aikata, 'yan guraben da ake samu kuma sai mai uwa a gindin murhu, ko mai kuɗin saye, har Majalisar Wakilai ta kafa kwamitin binciken cinikin guraben aiki a 2023. Masu zaman kansu irinmu kuwa wuta ce ke yanke mana yawan mutanen da za mu ɗauka. A Oktoban 2024 yawancin Arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan lantarki. A kwanakin nan injinmu tsayawa ya yi, domin dizal ya cinye ribar, masu aikin yini muka ce su zauna a gida. Kamfanin da ke cikin wannan hali ba ya tunanin ɗaukar sabon injiniya. Aikin intanet da korona ta buɗe wa duniya ido a kansa, wanda shirin gwamnati na 3MTT ke horar da matasa dominsa, hanya ce ta gaske, na ga yaran da ke zaune a Kano suna yi wa kamfanonin waje aiki. Su ma dai abin da suke fara saye da kuɗinsu na farko shi ne sola da batir.

Amma akwai abu ɗaya da ba ya buƙatar wuta, ba ya buƙatar kasafi, sai dai adalci, shi ne maganar shekaru. Kamfani ko hukumar da ta rubuta kada a haura 26 ko 27 ta san sarai cewa ta zare ɗan jami'ar gwamnati na wannan zango ta bar ɗan jami'ar kuɗi da wanda ya yi karatu a waje. Wasu ma jinkirin ya tura su sun haura 30 kafin su gama, bautar ƙasar ma ba su samu ba sai takardar yafewa. Mata kuwa nasu ya fi ciwo: da yawa an yi musu aure a cikin dogon zaman nan, wasu sun koma aji da goyo, wasu ba su koma ba sam. Majalisar Dattawa ta yi kira a 2023 da a daina gindaya sharaɗin shekaru wajen ɗaukar aiki, amma kira ba doka ba ne, sanarwar da ɗan yayata ya nuna mini ta fito ne bayan kiran. Gwamnatin da rikicinta da malamai ya cinye wa yaran nan wata 20 ita ya kamata ta fara, ta ɗaga iyakar shekaru a duk wata ɗaukar aiki tata da aƙalla shekara biyu ga 'yan wannan zango, sannan ta tilasta wa bankuna da manyan kamfanonin da take ba lasisi su bi.

Ɗan yayata yanzu yana bin wani mai haɗa famfon ban-ruwa na sola a yankin Kadawa. Maigidan nasa iyakarsa sakandare, amma ya san kowace rijiyar burtsatse daga nan har Tiga. Watan farko ɗauko tsani da miƙa sukundireba kawai yake yi, yana dawowa gida hannu duk kanta. Yanzu shi ke lissafa wa maigidan yawan faifan solar da kowane famfo ke buƙata gwargwadon zurfin rijiya da girman gona, abin da a da ake yi da ƙiyasi, wani lokaci a ƙona famfo. Kwanaki na ji maigidan yana ce wa wani manomi, "Bari injiniya ya zo ya auna tukuna."

Mu kuma a wurinmu mun zauna da mai kamfani, mun rubuta takarda zuwa sassan noma da na kimiyyar abinci na manyan makarantu biyu da ke kusa da mu. Mun ce muna da gurbin ɗalibai huɗu a kowace kaka, za mu ba su abincin rana da kuɗin mota, sharaɗinmu ɗaya ne, malaminsu ya zo da ƙafarsa ya gan su a filin shanya. Baba ya ce a gaya musu su zo da malafa. Sabuwar shanshera za ta fara shigowa ƙarshen Oktoba.